Julie Gayet: Jarumar da ta koma bayan kyamara, da yadda kuɗin fim ke zagayawa a Faransa

A daren 4 ga Maris 2018, lokacin rabon kyautar Oscar a Los Angeles, finafinai biyu daga cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe suna ɗauke da tambarin wani ɗan ƙaramin kamfani na birnin Paris mai suna Rouge International. Ɗaya fim ne na ƙasar Labanan, L'Insulte, ɗayan kuma fim ne na labarin gaskiya, Visages Villages. Duka biyun sun koma gida hannu rabbana. To amma a sana'ar fim, kamfanin da bai wuce shekara 11 da kafuwa ba ya kai finafinai biyu wannan matsayi a dare ɗaya, abin a tsaya a duba ne.

Mata biyu ne suka kafa kamfanin, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce Julie Gayet. Wanda ya san sunan a wajen Faransa, galibi ta wata hanya dabam ya san shi: hoton wani mutum sanye da hular kwano a kan babur, wanda mujalla ta ce shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, ne zai je wurin budurwarsa. Za mu zo kan wannan. Sai dai wanda ya tsaya a hoton bai ga komai ba tukuna game da aikin matar, domin nauyinta a masana'antar yana wurin da kyamara ba ta haskawa.

An haife ta ranar 3 ga Yuni 1972 a Suresnes, dab da Paris. Gidansu gidan likitoci ne. Mahaifinta, Brice Gayet, farfesa ne a fannin tiyatar ciki, mahaifiyarta kuma dillaliyar kayan tarihi ce. Kakanta Alain Gayet, shi ma likitan tiyata, yana cikin mutum 1,038 kacal da aka ba lambar girma ta Compagnon de la Libération saboda yaƙin ƙwatar Faransa daga hannun Jamus. Ke nan ba talauci ne ya koro ta zuwa fim ba. Ta koyi waƙar opera tun tana yarinya, ta je Landan ta koyi wasan kwaikwayo, har makarantar wasan tsalle-tsalle da igiya ta gidan Fratellini ta shiga.

Farkon fitowarta a sinima a 1993 irin ta kowa ce, 'yar cike gurbi da ba a lura da ita. Ƙofar ta buɗe ne a hannun Agnès Varda, dattijuwar da ake yi wa kallon uwar sabon salon fim na Faransa. A 1995 sinima ta cika shekara 100, Varda ta shirya Les Cent et Une Nuits de Simon Cinéma domin bikin, ta ɗauko Gayet ta ba ta matsayin ɗalibar da wani tsoho mai kusan shekara ɗari ya ɗauka aiki don ta riƙa ɗebe masa kewa da hirar finafinai kowane dare. Michel Piccoli ne tsohon. Masu leƙowa gidan kuwa su ne Marcello Mastroianni, Catherine Deneuve, Robert De Niro, Alain Delon da makamantansu. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Amma yarinya mai shekara 22 ta zauna a lokeshin ɗaya da manyan duniya, kuma ta ga yadda Varda, wadda take da kamfanin kanta, ke tafiyar da aiki ba tare da jiran umarnin kowa ba.

Shekara guda bayan haka ta fito a finafinai biyu da suka sha bamban kamar dare da rana: na barkwanci, Delphine 1, Yvan 0, wanda ya sa jama'a suka gane fuskarta, da Select Hôtel, inda ta fito a karuwa mai shan ƙwaya a wani ruɓaɓɓen otal. A 1997 aka ba ta kyautar Romy Schneider, wadda ake ba jarumar da ake sa ran za ta yi fice.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya. Ba ta zama Deneuve ba, ba ta zama Juliette Binoche ko Isabelle Huppert ba. Ta yi finafinai masu yawa, na sinima da na talabijin, ana yaba wasanta, amma ba ta shiga sahun waɗanda sunansu kaɗai ke cika gidan kallo ba. A Faransa irin wannan jarumar ba ta kwana da yunwa, domin akwai tsari na musamman ga ma'aikatan fim da dandamali: wanda ya tara awa 507 na aiki cikin wata 12 yana samun alawus na zaman jiran aiki. Abin da tsarin ba ya bayarwa shi ne iko. Jaruma tana zaune ne kusa da waya, sai an kira. Kuma kiran yana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Wata ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar, AAFA, ta ƙirga ta gano cewa duk da rabin matan Faransa da suka balaga sun haura 50, rawar da ake ba mata masu waɗannan shekaru a finafinai ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Suna kiran abin "ramin shekara hamsin", jaruma ta shiga ta ɓace, sai ta fito ta ɗaya gefen a matsayin kakar wani.

Gayet tana da shekara 35 a 2007 lokacin da ita da Nadia Turincev, 'yar asalin Rasha da ta goge a harkar zaɓen finafinai don bukukuwa, suka kafa Rouge International.

Domin a gane me suka shiga, sai an fahimci abin da kalmar furodusa ke nufi a can. Mai jin kalmar zai ɗauka attajiri ne da ya zuba kuɗinsa. A Faransa da wuya furodusa ya sa kaso mai tsoka daga aljihunsa. Aikinsa harhaɗa kuɗin wasu ne, sannan ya ɗauki alhakin kammala fim ɗin. Ga yadda abin yake.

Akwai hukuma mai suna CNC, wadda aka kafa a 1946. Duk tikitin da aka saya a gidan sinima a Faransa, ana cire kashi 10.72 cikin 100 a zuba a asusunta, ko fim ɗin na Faransa ne ko na Hollywood. Gidajen talabijin da kamfanonin intanet da na sayar da bidiyo su ma suna biyan nasu harajin. Tun da finafinan Amurka ne ke kwashe kaso mafi girma na 'yan kallo a yawancin shekaru, ma'anar ita ce duk matashin da ya je kallon fim ɗin jaruman Marvel a Lyon ko Marseille, yana taimakawa wajen biyan kuɗin wani ƙaramin fim na Faransanci da watakila ba zai taɓa kallo ba. Dabara ce da Amurkawa suka daɗe suna jin haushinta, Faransawa kuma suka kafe a kanta a tattaunawar cinikayya ta duniya da hujjar cewa al'ada ba haja ba ce kamar taliya ko taya.

Kuɗin yana fita ta ƙofa biyu. Ta farko kamar adashin dole take: idan fim ɗinka ya yi kasuwa, ana rubuta maka wani kaso a asusu da sunan kamfaninka, amma ba za ka ɗauka ka sayi gida ba, sai dai ka zuba a fim na gaba. Ƙofa ta biyu ita ce wadda André Malraux, ministan al'adu na zamanin de Gaulle, ya buɗe a 1959: bashi kafin ciniki. Wani kwamiti na marubuta, daraktoci da sauran 'yan sana'a yana karanta rubutaccen labari, idan ya gamsu a ba da kuɗi tun kafin a kunna kyamara, a biya daga ciniki in an samu. Finafinai kusan hamsin ne ke samun wannan a shekara, masu nema kuwa ɗaruruwa.

Wannan bai isa ya yi fim ba. Sai furodusa ta nufi Canal+, tashar biya-ka-kalla da aka buɗe a 1984, wadda doka ta ɗora wa sayen finafinai tun suna kan takarda. Ta nufi tashoshin gwamnati, France Télévisions ko Arte. Ta nufi asusun jihar da za a yi ɗauka a cikinta, wanda zai ba da kuɗi da sharaɗin a kashe su a yankin. Akwai kamfanonin zuba jari da ake kira SOFICA, waɗanda aka ƙirƙiro a 1985, inda masu hali ke sa kuɗi don samun rangwamen haraji. Akwai mai rarraba fim a gidajen kallo da dillalin da zai sayar da shi a ƙasashen waje, kowanne ya ba da kafin alƙalami. Tun 2021 kuma an tilasta wa Netflix da takwarorinsa zuba aƙalla kashi 20 cikin 100 na cinikinsu na Faransa a ayyukan Faransa da Turai.

A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace kuwa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu, kuma yawancinsu ba sa sakin kuɗin sai an kai musu fim gamamme. Saboda haka furodusa tana kwasar takardun alƙawari ta kai banki, ta ci bashi a kansu, ta biya ma'aikata. Idan ruwan sama ya hana ɗauka kwana biyar, ko jarumi ya karye, ko darakta ya ce sai an sake wata fitowa, ita ce a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ta karɓi kuɗin mutane goma, dole fim ya fito, ko da kamfanin zai durƙushe. Shekara uku zuwa biyar a kan fim ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Tsarin yana da masu sukarsa a cikin gida. A Disamba 2012 wani babban dillalin finafinai, Vincent Maraval, ya rubuta a jaridar Le Monde cewa ana biyan taurarin Faransa kuɗin da kasuwarsu ba ta kai ba, saboda kuɗin talabijin ne ke ɗaukar nauyi. Rubutun ya tayar da ƙura, daga baya CNC ta sa iyaka ga albashin taurari a finafinan da ke son tallafinta. Wasu kuma na cewa ƙasar na yin finafinai fiye da kima, wajen 300 a shekara idan aka haɗa da na haɗin gwiwa, da yawansu sati biyu suke yi a gidan kallo su ɓace. Duk da haka, a 2023 finafinan gida sun samu kusan kashi 40 cikin 100 na tikiti miliyan 180 da ɗoriya da aka sayar, abin da babu wata ƙasar Tarayyar Turai mai girmanta da ke yi.

To a ina ƙaramin kamfani irin na Gayet zai samu wurin tsayawa? Amsar tana cikin rabin sunansa na biyu. Faransa tana da yarjejeniyar haɗin gwiwar fim da ƙasashe sama da hamsin, kuma tun 2012 akwai asusu na musamman don daraktocin ƙasashen waje, wanda ya gaji wani tsohon asusu na 1984 da ya tallafa wa daraktocin Afirka da dama. Sharaɗin shi ne, baƙo ba ya nema da kansa. Sai ta hannun kamfanin Faransa, kuma wani kaso na kuɗin a Faransa za a kashe shi, galibi wajen tace hoto da gyaran sauti. Da ɗan gari akan ci gari. Ta wannan hanyar haɗin gwiwa ne finafinan Mahamat-Saleh Haroun na Chadi da Abderrahmane Sissako na Muritaniya suka kai bikin finafinai na Cannes. Rouge International ya zaɓi ya zama irin wannan ɗan garin.

Dubi abin da suka sa hannu a ciki. Fix Me na Raed Andoni, Bafalasɗine da ciwon kai ya addaba, ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa a Ramallah ya sa kyamara ta ɗauki zaman nasu. Bonsái daga Chile, wanda aka nuna a Cannes a 2011. Le Trésor na Corneliu Porumboiu daga Romaniya, labarin maƙwabta biyu da suka yi hayar na'urar gano ƙarfe don haƙo dukiyar da ake cewa kakan ɗayansu ya binne. Mimosas na Oliver Laxe, wanda aka ɗauka a tsaunukan Atlas na Maroko: ayari ne ke rakiyar wani shehi da ke son a binne shi a Sijilmasa, tsohon zangon fataken Sahara, sai ya cika a hanya, aka bar wasu 'yan tasha biyu da gawa da alƙawari. Ya ci babbar kyautar sashen masu sharhi a Cannes a 2016. A wannan sashe da wannan shekara kuma akwai Grave, fim ɗin farko na Julia Ducournau, mai ban ƙyama ƙwarai, game da ɗalibar likitancin dabbobi da ba ta cin nama, ta wayi gari tana kwaɗayin naman mutum. Ba kowa zai iya kallonsa ba, ni ma ban ce a nema ba. Amma shekara biyar bayan nan Ducournau ta ɗauki Palme d'Or, babbar kyautar bikin, mace ta biyu a tarihin Cannes bayan Jane Campion.

L'Insulte na Ziad Doueiri shi ne ya fi nuna irin idon da kamfanin ke da shi. Rigimar ta faro ne daga bututun ruwa. Toni, Kirista ɗan Labanan mai garejin gyaran mota, yana ban ruwan shukokinsa a baranda, ruwan ya zubo kan Yasser, Bafalasɗine ɗan gudun hijira da ke shugabantar leburori a titin. Yasser ya gyara bututun ba da izini ba, Toni ya farfasa gyaran, zagi ya fito. Aka nemi a ba da haƙuri, sai wata baƙar magana ta fi ta farko muni, aka kai naushi, haƙarƙari ya karye, aka tafi kotu. Kafin a ankara shari'ar bututu ta tono yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 gaba ɗayansa. Kamel El Basha, wanda ya fito a Yasser, ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin finafinai na Venice a 2017. Da Doueiri ya sauka a filin jirgin Beirut daga bikin, sai aka tsare shi na ɗan lokaci saboda ya taɓa ɗaukar wani fim a Isra'ila, kotun soja ta sallame shi ba tare da tuhuma ba. Fim ɗin ne na farko daga Labanan da ya kai zagayen ƙarshe na Oscar.

Kada a zuzuta. A yawancin waɗannan ayyuka Rouge International abokin tarayya ne, wani lokaci ƙarami, tare da kamfanoni uku ko huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma tambayar da ba ta da daɗi ga duk tsarin: idan darakta a Ramallah ko Njamena sai ya gamsar da kwamiti a Paris kafin ya samu kuɗi, labarin wa zai bayar, kuma don idon wa? Finafinan da ke fitowa ta wannan ƙofa sukan fi samun 'yan kallo a bukukuwan Turai fiye da garuruwan da aka ɗauke su.

Visages Villages kuwa biyan bashin alheri ne. Varda, tana da shekara 88, ta shiga mota da wani matashin mai ɗaukar hoto da ake kira JR, suka zaga ƙauyukan Faransa suna liƙa manya-manyan hotunan talakawa a bangon gidaje da rumbuna. Yarinyar da ta ɗauka aiki a 1995 tana cikin waɗanda suka haɗa mata kuɗin.

Yanzu ga batun babur. Ranar 10 ga Janairu 2014 mujallar Closer ta fito da shafi bakwai na hotuna: wani gida a titin Cirque, taku kaɗan daga Élysée, fadar shugaban ƙasa, Gayet ta shiga, can sai ga mai hular kwano, da safe kuma dogari ya kawo burodin karin kumallo. Hollande bai ƙaryata ba. A taron manema labarai bayan kwana huɗu ya ce al'amarin sirri a sirrance ake warware shi. Abokiyar zamansa Valérie Trierweiler, wadda ke riƙe da matsayin uwargidan shugaban ƙasa duk da ba su da aure, ta kwanta asibiti, ranar 25 ga wata ya sanar da rabuwarsu.

Abin da ya ba baƙi mamaki shi ne wanda aka gurfanar. Mujallar ce. Sashe na 9 na dokar farar hula ta Faransa, tun 1970, ya ba kowa haƙƙin a mutunta rayuwarsa ta sirri, kuma gaskiyar labari ba ta wanke wanda ya buga shi. Gayet ta nemi diyyar Yuro 50,000, kotun Nanterre ta ba ta 15,000 a watan Maris, ta kuma umarci mujallar ta buga hukuncin a bangonta. Ga mujallar da ta sayar da kwafi dubbai a kan labarin, wannan kuɗin cefane ne. A wata shari'ar dabam kotu ta ce cikin motar mutum ma wurin sirri ne. Ƙasar ta daɗe da wannan ɗabi'a ta kau da kai: 'yan jarida da dama sun san shugaban ƙasa na wancan lokaci, François Mitterrand, yana da 'ya a waje, amma sai a 1994 aka buga hotonta, kuma ɗaya daga cikin masu ɗaukar wancan hoton, Sébastien Valiela, shi ne ya ɗauki na titin Cirque bayan shekara 20.

Ga furodusa, irin wannan suna kaya ne mai nauyi. Sana'arta ta dogara da kwamitoci da asusun gwamnati, ga shi ana danganta ta da shugaban ƙasar. A cikin satin da labarin ya fashe, ministar al'adu Aurélie Filippetti ta ƙi sa hannu a naɗa ta cikin alƙalan Villa Médicis, cibiyar fasaha ta Faransa da ke Rum. A ƙarshen watan aka sa sunanta a takarar César, babbar kyautar fim ta Faransa, saboda rawarta a fim ɗin Quai d'Orsay na Bertrand Tavernier, sai masu gulma suka samu abin taunawa, duk da fim ɗin ya fito tun kafin hotunan. Lissafin shekaru dai a bayyane yake: kamfanin ya girmi shugabancin Hollande da shekara biyar, kuma kyautar gwarzuwar jaruma da ta ci a Tokyo da fim ɗin 8 fois debout a 2009 ta zo. Abin da ta zaɓa shi ne shiru. Har Hollande ya sauka a Mayu 2017 ba ta karɓi matsayin uwargida ba, ba ofis, ba rakiya zuwa ziyarar aiki. Sai ranar 4 ga Yuni 2022 aka ɗaura musu aure a zauren magajin garin Tulle, inda Hollande ya yi magajin gari daga 2001 zuwa 2008. Shi aurensa na farko ke nan. Ita kuwa ta taɓa auren marubuci Santiago Amigorena, ɗan asalin Ajantina, suna da 'ya'ya maza biyu.

Tun kafin duk wannan hayaniya, a 2013, ita da Mathieu Busson sun zauna da mata daraktoci kusan ashirin suka ɗauki hirarsu a wani shiri mai suna Cinéast(e)s, suna tambaya ko fim yana da jinsi. A lokacin mace ɗaya tak, Tonie Marshall, ta taɓa cin César na gwarzon darakta, a 2000, kuma haka aka zauna har Justine Triet ta ci a 2024. Shekara biyar bayan shirin ne mata 82 suka hau matakalar Cannes don nuna adadin finafinan mata da aka taɓa sa wa a babbar gasar, a kan na maza fiye da 1,600. Abin da ya biyo baya ya sake nuna yadda Faransa ke gyara al'amari, wato ta asusu: daga 2019 CNC ta fara ƙara kashi 15 cikin 100 na tallafi ga fim ɗin da ya raba manyan muƙamansa tsakanin mata da maza daidai.

A 2021 ta buɗe wani biki na shekara-shekara a Rochefort, garin bakin teku a yammacin ƙasar, don haɗa mawaƙa da masu yin fim. Ta sa masa suna Sœurs Jumelles, wato tagwaye mata, daga fim ɗin waƙa da Jacques Demy, mijin Varda, ya ɗauka a garin ya fito a 1967. A 2025 kuma, tana da shekara 52, tsakiyar ramin nan da ake cewa jarumai na ɓacewa, tashar France 2 ta nuna wani fim da ita da Busson suka ba da umarninsa a kan Olympe de Gouges, matar da ta rubuta sanarwar haƙƙin mata a 1791 aka fille mata kai a Nuwamba 1793. Da aka zo neman wadda za ta hau matsayin Olympe, ba ta jira waya ba, ita ta hau.